Kangon da Yake da Mai Shi

Dutsen farko ya faɗo ne ana gab da kiran magariba, lokacin Auta tana goge wa Umma ƙafafu da tawul mai ɗumi. Ƙwal ɗaya ya yi a kan kwanon rufi, ya gangara, ya yi shiru. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ɗauka yaran layi ne. Yamma ce irin ta kullum. Rana ta sauka bayan dogon ginin da ke kallonsu, duhu ya fara taruwa a kusurwoyin ɗakin, fanka tana juyi a hankali, warin man zafi ya gauraye da na sabulun wanki. A falo Yaya yana waya da murya ƙasa-ƙasa, yadda ya koma yi tun da aka dawo da Umma daga asibiti.

Wata huɗu ke nan da jijiya ta fashe wa Umma a ƙwaƙwalwa. Tana tsaye a kicin tana yi wa mai gyaran famfo bayanin yadda ake gyaran famfo, maganar ta tsinke mata a baki, ta sulale ƙasa. Tun daga ranar babu hannu, babu ƙafa, babu harshe. Abinci ta bututu, juyi sai an juya ta. Idanu kaɗai suka rage a buɗe, manya, suna yawo a ɗakin, babu wanda ya san ko da mai kallo a bayansu.

Wanda bai san ta ba zai ce tsohuwa ce mai haƙuri. Ina! Shekara talatin da ɗaya tana shugabar makarantar firamare, kuma duk unguwa ba a kiranta da komai sai Ba-haka-ba, don da wannan take buɗe kowace magana. Ka ce ana zafi, ta aika a ɗauko mata bargo. Marigayi Baba ya kan ce in kana so ta sha magani, to ka ɓoye shi. Auta kuwa, da ta zama tela, ta yi shekara goma sha biyu tana yi mata ɗinki, ba a taɓa yin rana ɗaya da Umma ta sa riga ta ce ta yi kyau ba. Sai ta juya a gaban madubi, ta taɓe baki, ta ce wuyan a karkace yake. Abin yana cin Auta a rai ƙwarai, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Likitar ƙwaƙwalwa ce ta kawo na'urar, aron sati shida. Allo ne na gilashi a kan ƙarfe mai lanƙwasa, an daidaita shi da fuskar Umma, a ƙasansa ƙananan kyamarori biyu masu bin ƙwayar ido duk inda ta motsa. Likita ta ce ido taga ce, ta nan ake leƙa aikin da ƙwaƙwalwa take yi. Kullum safe da yamma na'urar takan yi gwaji. Muryar wata mace, marar hawa marar sauka, ta ce, “Kalli ɗigon.” Sai farin ɗigo ya yi tsalle dama, ya yi hagu, har sau arba'in. In ido ya bi shi, shaida ce cewa akwai mai ji a ciki, sai allon haruffa ya buɗe, mutum ya riƙa zaɓar harafi da kallo, muryar tana karanta abin da ya rubuta. In kuwa sati shida ya cika babu alama, za a ɗauke na'urar a kai wa wani, masu gashin jiki da motsa gaɓoɓi su daina zuwa, a bar mai jinya da lallashi kawai.

Sati biyar Umma tana cin sifiri. Sifiri da safe, sifiri da yamma. Kowane mako ana aiko musu da takardun sakamako, Auta tana jibge su a kan teburin yanka da ta mayar baranda don ta riƙa jin motsin ɗakin.

To a ranar nan, kamar awa ɗaya kafin dutsen, Yaya ya shigo da takardun mako na biyar. Ya tsaya a bakin gadon, taga a buɗe, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙanwarsa da ta rame har ƙashin wuya ya fito. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa.

“Auta, ki haƙura haka nan,” in ji shi. “Gidan nan babu kowa a ciki. Kango kawai muke gadi.”

Ta ce masa ya ji tsoron Allah, a gabanta yake faɗa. Ya ce ai da tana ji da ta ce ba haka ba ne. Ya fita. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Dutse na biyu a cikin ɗakin ya faɗo. Auta ta ga saukarsa da idonta, daga silin, inda babu huda ko ta allura. Ya sauka a kan zanin gado tsakanin ƙafafun Umma, a hankali, kamar an ajiye shi. Tsakuwa ce baƙa, ba ta fi goro ba. Da ta ɗauka sai ta ji ta da ɗumi. Fanka ta tsaya, alhali fitilar baranda tana ci. Daga can cikin banɗaki wani ya yi gyaran murya, irin na baƙon da ya iso yana jira a ce masa bismilla.

Sai na'urar ta kunna kanta don gwajin yamma. “Kalli ɗigon.” Auta tana tsaye da tsakuwa a hannu, ta ga idanun Umma sun tsaya cak, sun daina yawon nan nasu. Ɗigo ya yi dama, suka yi dama. Ya yi hagu, suka yi hagu. Babu ƙiftawa ko ɗaya. Arba'in cikin arba'in. Allon haruffa ya buɗe a karon farko, haruffa suka fara haske ɗaya bayan ɗaya, muryar ta karanta:

“Sannunku da ɗawainiya. Na gode.”

Yaya ya shigo a guje, ya zube a gefen gado yana kuka irin na yaro. Ya kira likita, ya kira dangi na kusa da na nesa. Auta ma ta yi kuka, har da shessheƙa. Amma tana kukan, hankalinta bai kwanta ba, don a iya saninta kalmar na gode ba ta cikin kayan Umma.

Kwana shida aka yi a haka. Da rana na'urar shiru, idanu a lumshe kamar na mai barci. Da zarar rana ta karkata sai duwatsu su fara, ɗaya, biyu, wata rana har bakwai, wasu a kan rufi, wasu a cikin ɗaki, ba su taɓa fasa ko kofi ba. Auta tana tsince su tana zubawa a bokitin roba. Ruwan da ta ajiye a kofi sai ta tarar an shanye rabi. Akwai muryoyi a bayan labule, ƙasa-ƙasa, kamar iyali suna shawarar inda za su ajiye kaya. Sannan Umma ta buɗe ido, a fara hira, har zuwa kiran isha'i, daga nan komai ya ɗauke.

Wace irin hira! An ce za a juya ta, ta ce to. An ce za a canza mata riga, ta ce duk yadda kuka gani. Yaya ya nemi gafarar duk abin da ya taɓa yi mata, ta ce babu komai, ɗana na kirki. Mutumin da ya shekara arba'in ana ce masa tafiyarsa ma ba daidai ba ce, yanzu ya dawo daga aiki ko takalmi ba ya cirewa sai ya zauna gaban allon. Likita ta waya ta ce sakamakon ya ba ta mamaki, ko ita da take da lafiya ba za ta ci arba'in kullum ba, amma ai abin farin ciki ne, za ta zo ƙarshen mako ta sa hannu a bar musu na'urar.

A rana ta huɗu Auta ta sa wa Umma sabuwar rigar jinya da ta ɗinka, mai maɓalli a baya. Da gangan ta karkata wuyan, karkacewar da makaho ma zai lalubo. Ta ɗauko madubi ta riƙe mata. Haruffa suka yi haske.

“Ta yi kyau ƙwarai. Allah ya yi miki albarka, Auta.”

Shekara talatin da biyu tana jiran wannan magana, ta sha yin mafarkinta, ga ta yau ta zo cif, babu ragi. Ta ajiye madubin, ta fita baranda, ta zauna a gaban keken ɗinki. Daɗi ta ji, wannan ba ta musa ba, kuma daɗin ne ya fi ba ta tsoro, domin ta tabbata ba uwarta ce ta faɗa ba.

Washegari da hantsi tana neman takardar da za ta yanka samfurin kwala, hannunta ya faɗa kan tsofaffin takardun sakamako. Kowace takarda da layi a tsakiyarta daga sama zuwa ƙasa. Jan zane yana nuna inda ɗigo ya bi, shuɗi yana nuna inda ido ya bi, kuma a sati biyar ɗin nan ba su taɓa haɗuwa ba. Ta ninka takardar biyu a kan layin tsakiya, yadda tela ke ninka yadi in zai fitar da hannun dama da na hagu a yanka ɗaya. Ta ɗaga ta wajen haske don ta ga inda almakashi zai bi. Sai ta ga zane ɗaya tak. Ja da shuɗi sun kwanta a kan juna, lanƙwasa bisa lanƙwasa.

Ta ɗauko wata, ta ninka. Haka. Ta ninka ta sati na farko, ta ninka ta na biyar. Duk inda ɗigo ya yi dama, idon ya yi hagu, daidai nisan, daidai lokacin. Sau arba'in, safe da yamma, kwana talatin da biyar. Wanda babu kowa a cikinsa ai ko da tsautsayi zai dace sau ɗaya. Auta ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye yana zuba a kan takardun. Hali zanen dutse! Matar nan tana nan daram, umarni ne kawai ba ta karɓa.

Da Yaya ya dawo ta shimfiɗa masa takardun. Ya duba, ya ture su gefe. Ya ce shi ba tela ba ne. Ta ce duwatsun fa? Ya ce yara. Ta ce a cikin ɗaki, ta silin? Sai ya faɗi abin da ke ransa, ba tare da ya dube ta ba. Ya ce ko ma wane ne, yana kiransa ɗana. Ya ce in ta kori mai maganar, gwaji ya koma sifiri, jibi likita ta ɗauke na'urar, to sun rasa wannan sun rasa waccan, sai ta zauna da takardunta ta yi ta ninkewa.

“Uwata nake jinya, Yaya,” ta ce. “Ba baƙo ba. In ba a ce min na gode har abada, na ji na gani.”

Akwai wani dattijo da take yi wa ɗinki, tsohon alƙali ne, da ya ajiye aiki ya koma karatu da yi wa masu lalura addu'a. Ba ya ihu, ba ya duka, ba ya turare. Mutane suna cewa shari'a yake yi da mutanen ɓoye, kuma ba a cika ɗaukaka ƙara ba. Shi ta je ta ɗauko da kanta ranar ta shida, bayan la'asar. Ya shigo yana dogara sanda, ya gaida Umma da girmamawa kamar tana zaune, ya nemi kujera. Ya sha shayi. Ya sa tabarau ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, yana ninkewa yana ɗagawa sama. Ya leƙa bokitin duwatsu. Sannan ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta wuce ɗakin. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu, ransa a ɓace.

Hasken taga ya yi ja, ya koma toka. Fanka ta tsaya. Duwatsun cikin bokiti suka motsa gaba ɗaya, ƙaras, sau ɗaya. Umma ta buɗe ido, allon ya kunna, haruffa suka ruga da gudun da idon ɗan Adam ba ya yi.

“Malam, sannu da zuwa. Ka daina, yana ƙona ni. Ban yi laifi ba.”

Malam ya rufe baki, ya gyara zama. Ya tambaye shi wane ne shi, kuma da izinin wa ya shiga. Muryar ta ce shi matafiyi ne, da iyalinsa, an rushe tsohon ginin da suke zaune a ƙarshen layi don a yi sabo, suna ta gararamba. Suna wucewa ta gindin tagar nan da yamma sai ya ji babban ɗan gida da bakinsa yana shela cewa kango ne, babu kowa a ciki. Ya yi sallama har sau biyu da dutse, ya yi gyaran murya, ba wanda ya hana. Kango kuwa kowa ya sani nasu ne tun fil azal. Ya ce bai fasa ko cokali ba, bai zagi kowa ba, hasali ma ya gyara wurin. Yaya ya sauke hannuwansa, ya jingina da bango.

Malam ya ce da'awa ce mai ƙarfi, amma ga shaida. Ya ɗaga takardun. Muryar ta ce wannan tsohon zance ne, mai gida na iya tashi jiya. Sannan idanun suka juyo, suka sauka a kan Auta, ba ƙiftawa, haruffa suka rage gudu.

“Auta, mu yi magana ni da ke. Ki bar min idanun kawai. Gobe likita ta zo, in ci mata arba'in, na'ura ta zauna. Kafin shekara in motsa miki hannun nan ya shafa kanki. Kullum in sa miki albarka, safe da yamma. Waccan me ta taɓa ba ki?”

Auta ta dubi hannun, siriri, a kwance a kan zani, da tabon ƙunar dutsen guga a bayansa. Ta so, wallahi ta so. Ta ji son abin har cikin haƙoranta. Sai kuma haushi ya taso mata, na wanda aka leƙa masa asiri aka zo saye da shi.

“Albarkar aro ba na so,” ta ce. “Hannun uwata ne. In bai taɓa ni ba har ya shiga ƙasa, nata ne, ba naka ba.”

Malam ya ce to an ji, babu ciniki. Ya yanke cewa baƙo ya saki idanun, ya koma gefe, a kira mai gida. In ta amsa, ya kwashe iyalinsa ya fita yau, ba waiwaye. Muryar ta yarda da sauri, har da cewa ya ba su daga yanzu zuwa kiran isha'i, in ba ta amsa ba kuwa wurin ya zama nasa halak malak. Saurin yardar tasa bai yi wa Auta daɗi ba. Kwana shida yana zaune da matar, ya san maƙwabciyarsa.

Idanun suka saki. Suka ƙifta, sau biyu, sau uku, ruwa ya taru a gefensu. Suka fara yawon nan nasu na da.

Malam ya kira ta da ladabi, ya ce baiwar Allah, in kina ji ki dubi allon nan ki ba mu harafi ɗaya. Idanun suka tafi bango. Yaya ya durƙusa, ya kama ƙarfen gado, ya ce Umma ki dubi allon, ki rufa mana asiri, ki duba mana. Idanun suka ƙara nisa, suka maƙale a jikin labule. Aka yi ta kira. Duhu ya cika ɗakin, babu haske sai na allon a kan fuskarta. A bayan labule muryoyin nan suka fara, har da wata 'yar dariya. Daga nesa aka ji ana gwada lasifika.

Auta tana tsaye, sai ta tuna da Baba da maganinsa. Ta matsa Yaya gefe. Ta tsaya a kan uwarta, ta riƙe ƙugu, ta ɗaure fuska, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

“Umma, ya isa. Ki bar masa gidan. Kin tsufa, kin gaji, ba ki da sauran amfani a nan. Yaya ya yi gaskiya, kango ne. Ki rufe ido ki kwanta, kada ki kuskura ki taɓa allon nan. Na faɗa miki.”

Kowace kalma sai da ta yanke ta kafin ta fita. Yaya ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

Idanun suka tsaya a jikin labule. Sannan suka fara juyowa, a hankali, da nauyi, suna rawa, kamar mai jan buhu a kan tudu. Suka zo kan Auta suka tsaya, da wani kallo da ta sani tun tana 'yar aji ɗaya, wanda yake sa malamai maza su gyara tsayuwa. Suka wuce zuwa allon. Harafi ɗaya ya yi haske. Aka daɗe. Wani ya yi. Ta yi kuskure, ta nemi wurin gogewa da kanta, ta goge, ta sake. An fara kiran salla ke nan muryar ta karanta, marar hawa marar sauka:

“Ba haka ba ne.”

Bokitin ya kife da kansa. Duwatsu suka watsu a ƙasa, labule ya bugi silin alhali babu iska. Idanun suka kafe, haruffa suka ruga, muryar ta ce an yi masa wayo, wannan ba kira ba ne, tsokana ce. Malam ya ce sharaɗi amsawa ne, kuma ta amsa, da shaidu uku. Ya ɗauki karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ɗan ƙarfi. Ba a yi nisa ba muryar ta ce ya tsaya, zai fita. Ya ce dama zaman bai yi masa daɗi ba, kwana shida matar nan ba ta bar shi ya runtsa ba, komai ya taɓa a ciki sai ta ce ba nan ne wurinsa ba. Abu ɗaya ya roƙa. Wanda ya yi shelar ya janye ta da bakinsa a gindin tagar, don akwai wasu a hanya da suka ji, kuma ba duka ne masu sallama irinsa ba.

Yaya ya tashi da kyar. Ya je taga, ya riƙe ƙarfenta, ya ce:

“Gidan nan da mai shi. Uwata ce. Ni na yi ƙarya.”

Malam ya sa shi ya faɗa sau uku. A na ukun duwatsun suka fara gangarawa, ɗaya bayan ɗaya, suka bi ta ƙarƙashin ƙofa, suka ratsa baranda, ana jin ƙararsu a kan siminti har ta ɓace a layi. Fanka ta ci gaba da juyi. Umma ta lumshe ido, numfashinta ya daidaita, ta yi barci irin na wanda ya yi aikin ƙarfi. Malam ya ɗauki sandarsa, ya ce wa Yaya a riƙa lura da abin da ake faɗa a kan marar lafiya, ba kunnensa kaɗai ke ji ba.

Ranar da likita ta zo, da safe ne, rana ta cika ɗakin. Ta kunna gwaji tana murmushi, takardar sa hannu a cinyarta. “Kalli ɗigon.” Sifiri cikin arba'in. Murmushin ya ɗauke. Yaya ya dubi Auta. Auta ta miƙa wa likita tsohuwar takarda a ninke, ta nuna mata taga. Likita ta ɗaga ta, ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce kauce wa ɗigo ya fi binsa wuya nesa ba kusa ba, don ido da kansa yake ruga wa haske, sai ƙwaƙwalwa mai ƙarfi ce take iya riƙe shi ta juya shi. Ta ce na'urar abu ɗaya aka koya mata ta ƙirga, su kuma ba su duba bayan lambar ba. Na makon jiya ne dai ta kasa fassarawa, kuma ba wanda ya taimaka mata.

Ta ja kujera kusa da gado, ta buɗe allon haruffa, ta tambayi Umma dalilin da ya sa sati biyar ba ta bi ɗigon ba, alhali tana iyawa. Amsar ta ɗauki kusan minti goma.

“Ba wanda ya ce don Allah.”

Likita ta sa hannu a takarda tana dariya tana share ido. Ta ce na'ura ta zauna, masu gashin jiki su ci gaba da zuwa, kuma za ta sa a gyara wa muryar nan baki.

Da aka raka ta, Auta ta dawo ita kaɗai. Ta gyara matashi, ta share wa Umma gefen baki. Sai ta ga idanun suna bin ta, suna sauka a kan rigar da ke jikinta, sabuwa ce, daren jiya ta gama ta. Suka koma allon. Auta ta tsaya da tawul a hannu, don duk da abin da ta faɗa a gaban Malam, wani ɓangare nata bai daina jira ba. Harafi, harafi, harafi.

“Wuyan a karkace yake.”

Auta ta je gaban madubi ta duba. Wuyan daidai yake, ko da ma'auni aka zo. Ta dawo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki siririn hannun nan ta ɗora a kanta da kanta, hawaye yana sauka a kan sabuwar rigar.

“Ba haka ba ne, Umma,” ta ce.